Allurar gejin mai ce ta raba ni da ɗan yayata

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanku, dan Allah ina roƙon ka bani fili a jaridar nan, ko da wasiƙar tayi tsawo kayi haƙuri dani domin abin ya daɗe yana cina a rai kuma nasan ba ni kaɗai ya taɓa samu ba. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi nan cikin garin Gombe, ina da akori-kura guda ɗaya mai shan gas, wato dizal, wadda na saya 'yar Beljiyam, da ita nake ɗauko masara da wake da gero daga ƙauyukan Dukku da Kwami da Funakaye, wani lokacin har Kumo da Billiri in kaya yayi sauƙi acan. Maganar da zanyi akan gejin mai ce, wannan 'yar allurar dake jikin dashbod mai nuna maka ko tankinka cike yake ko ya kusa bushewa. Nasan wani zai ce duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin rubutowa sai allurar geji, toh ina roƙonsa ya daure ya karanta tukuna.

Mu masu akori-kura muna da wata ɗabi'a, in dai mota tana tashi tana ɗaukar kaya tana tsayawa in an taka burki toh a wurinmu lafiyarta ƙalau, sauran abubuwa duk ado ne. Ka shiga kasuwar ƙauye ranar da take ci ka leƙa ta tagar motocin da suka yi layi suna jiran lodi, zaka ga da yawa allurar man a kwance take a ƙasa ba ta motsi, wata kuma a sama take a tsaye ko da babu ɗigo a tanki, wata in mota na tafiya sai ta dinga rawa tana hawa tana sauka, in ka tambayi direba sai yace maka ai ta daɗe da mutuwa Alhaji, ni da ka nake lissafina. Kuma gaskiya ne iyayenmu da suka tuƙa akori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504 sun iya wannan lissafin, wasu ma da sanda suke aunawa, amma a zamaninsu mutum yana iya cika tanki har baki ya ɗaura jarka a baya don ko-ta-kwana ba tare da aljihunsa ya girgiza ba.

Yanzu fa? Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaban ƙasa Tinubu yace tallafin mai ya tafi, fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ya wuce naira 1,000, shi kuwa gas dama ba shi da tallafi tun tuni kuma shi ma ya daɗe da tsallake dubu. Tankin irin motocinmu yana cin kusan lita 80, kowa ya buga lissafi ya ga nawa ne ke kwance a ƙarƙashin bodi in an cika shi. Shi yasa yanzu kusan ba wanda yake cewa a cika, sai dai kace a zuba na dubu kaza, kuma idonka kullum yana kan allurar nan kamar yadda mai awo yake kallon bakin kwano. Abin da allura ta faɗa shi kake ɗauka, a kansa kake yanke hukunci, kuma a nan ne abin ya same ni.

Direbana ɗan babbar yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifiyarsa, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami kuma kusan a hannuna ya ƙarasa girma. Ni na kai shi ya koyi tuƙi, ni na nemo masa lasisi, ya shekara uku da motar nan ban taɓa jin wani dillali ko manomi ya kawo ƙararsa ba. Lungun gidana mota ba ta shiga, saboda haka a ƙofar gidansu take kwana a Pantami. A daminar da abin ya faru sai na fara lura da wani abu, da yamma mu je gidan mai tare a zuba lita 30 ko 40 a gabana, in ga allura ta haura rabi, da safe in ya zo ɗaukata sai in ga ta sauko kusan kwata alhali daga gidan mai zuwa Pantami zuwa gidana ba wata tafiya bace. Na farko nayi shiru, na biyu nayi shiru, na fara rubutawa a bayan littafin bashi. Wata rana a majalisarmu ta bayan la'asar na ɗan taɓa zancen ba tare da na kama suna ba, nan take aka yi min caa, wannan yace ai direbobi haka suke da tiyo suke zuƙa da daddare su kai wa 'yan bumburutu, wancan yace ɗan uwa ma yafi iya cin amana saboda yasan ba zaka kai shi ƙara ba, kowa da labarinsa. Ba wanda yace min Alhaji ka kai motar a duba tukuna, kuma ni ma tunanin bai zo min ba, Allah shi ne shaida.

Na kira shi a zaure bayan isha'i na buɗe masa littafin. Malam Edita har yau in na tuna yadda yaron nan ya kalle ni sai inji ƙirjina yayi nauyi. Yace Kawu wallahi tallahi tunda ka bani motar nan ban taɓa cire ko cokali ɗaya ba, in kana so a kawo Alƙur'ani in dafa. Nace masa ba sai ka dafa ba, ido ba mudu ba amma yasan ƙima, ga allura ga lissafi, in kana da buƙata me ya hana ka tambaye ni. Bai ƙara cewa komai ba, ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma a gabana, ya durƙusa yace in yafe masa in ya taɓa saɓa min, ya fita. Yaya ba ta ce min uffan ba akan maganar, sai dai daga ranar in na je gaishe ta amsawar ba kamar da ba, ta daina tambayata yara da kasuwa, gaisuwa kawai shikenan. Bayan wata biyu naji ya tafi Jalingo yana tuƙa wa wani mai kayan gwari.

Na karɓi tuƙin da kaina, na samo gidan wani abokina mai get nake kwanar da motar, makullin get da na mota duk suna aljihuna. Abin bai canza ba. Yau allura ta nuna rabi gobe da safe ta nuna kwata, ranar da aka kwana ana ruwa ma ƙasa take sauka gaba ɗaya. Duk da haka zuciyata ba ta so ta yarda, har na fara zargin mai gadin unguwar. Sai wata safiya zan tafi Bajoga na tayar da mota naga allura a kwance a kan ja, na lallaɓa zuwa gidan mai ina addu'ar kar ta mutu a hanya, kuma saboda ranar akwai kuɗin wani a hannuna sai nace wa yaron ya cika ta har baki, ina jiran in ga lita 70 da wani abu. Lita 41 ta sha gas ya fara tumbatsa yana zuba a ƙasa. Kenan kusan rabin tanki na ciki allura tana ce min babu komai. Na tsaya riƙe da murfin tanki jikina yayi sanyi, yaron gidan man yana ta min magana ban ma ji me yake cewa ba. Da ace ko sau ɗaya a watannin nan nace a cika da tuni na gane, amma wa yake cikawa yanzu.

Bari in yi wa masu karatu bayanin abin da ke cikin tankin kamar yadda na gani da idona bayan an sauke shi, domin ni kaina na shekara da shekaru da mota ban taɓa sani ba. Allurar dake dashbod ba ita take auna mai ba, saƙo kawai ake aiko mata. Acikin tanki akwai wani abu marar nauyi da yake yawo a saman mai, irin ƙwallon nan na tankin ruwa, makanikai suna ce masa fulot. Yana maƙale a bakin wata siririyar sandar ƙarfe, ɗaya bakin sandar kuma yana ɗauke da wani ɗan harshe da yake gogar wani ɗan allo da bai wuce tsawon yatsa ba mai layuka sirara a jikinsa. In mai ya ƙaru fulot ya tashi harshen ya matsa gefe guda, in mai ya ragu ya koma ɗaya gefen, wurin da harshen ya tsaya shi ke rage ko ƙara ƙarfin wutar da take tafiya ta waya zuwa ga allura. Shikenan aikin. Toh ka duba irin hanyoyinmu na ƙauye, duk ramin da ka faɗa man yana kaɗawa fulot yana sama da ƙasa harshen yana gogar allon, shekara goma sha ana haka tun motar tana Turai har ta zo nan, dole ya cinye. Nawa da aka ciro wurin da ke tsakanin kwata da rabi ya goge yayi baƙi ƙirin, saboda a nan man yake zama kullum tunda ba cikawa muke ba, in harshen ya zo daidai nan sai ya dinga kamawa yana saki. Sannan soket ɗin dake saman tanki laka ta cika shi ya yi tsatsa kore shar, duk rafin da muka tsallaka da damina ruwa yana shiga nan, shi yasa ranar da aka kwana ana ruwa ƙaryar tafi yawa. Ga kuma ƙofar gidan su yaron gangare ce, Gombe dama gari ne na kwari da tudu, tankin akori-kura kuwa dogo ne a kwance, in ka ajiye mota a karkace man yana taruwa gefe guda ko geji mai lafiya sai ya ɗan canza.

Da abin ya tsaya a nan da da sauƙi. Makaniken da ya fara min aikin yaro ne mai kirki amma injin ya sani ba wuta ba, yace a sayo sabon fulot. A shagon kayan gyara aka nuna min kala biyu, na asali cirar Beljiyam mai tsada da wani sabo fil a kwali mai araha, mai shagon yace duk ɗaya ne ai suna shiga. Na ɗauki mai arahar. Ya shiga ɗin kuwa, noti ya ɗauru, aka zuba gas allura ta tashi, kowa yayi murna. Araha ba ta ado, bayan sati uku na gani.

Lokacin kaka ne mun yi lodin wake daga wani ƙauye bayan Dukku, ni da yaron mota, mun fito a makare saboda awo ya ja mu. Na duba allura tana saman kwata kaɗan, nace wannan zai kai mu Gombe har da saura. Tsakanin Dukku da Bojude bayan magariba, a wata 'yar hawa, sai naji injin ya fara tari, na taka totur ba ƙarfi, ta ɗan ja ta ɗan ja ta mutu. Ban kawo mai a raina ba ko kaɗan tunda ga allura a gabana, muka buɗe bonet muna haska fitilar waya muna taɓa wannan muna taɓa wancan, ina ta yin ki har batir ya fara sanyi. Sai da yaron ya kwanta ya ƙwanƙwasa tanki yace Alhaji wannan fa kamar gwangwani take ƙara. Wani bawan Allah Bafulatani da ya biyo a mashin, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, shi ya ɗauki yaron ya kai shi gari suka samo gas a jarka wurin 'yan bumburutu da kuɗi mai yawa. Muka zuba, taƙi tashi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne motar gas ba kamar ta fetur bace, in ta shanye man tas iska ce take bin bututun ta cika filta da famfo, kuma ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar nan, akwai wani ɗan famfon hannu a saman filta da ake dannawa har sai yayi tauri, abin da makanikai ke cewa bilidin. Abu ne na 'yan mintuna ga wanda ya sani. Mu a nan muka kwana a bakin titi da buhunan wake na mutane a baya, duk fitilar da ta hasko daga nesa sai gabana ya faɗi, kowa yasan yadda hanyoyi suka zama da daddare a 'yan shekarun nan, iyalina a gida ba su runtsa ba saboda sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Da safe makanike ya zo daga Gombe, kuɗin mashin ɗinsa da na aikinsa da batir da aka ɗauko haya da sabuwar filta, domin gas ɗin jarkar nan da datti da ruwa ya zo, in ka haɗa ya ninka abin da nayi tsimi a shagon sau da yawa. Kuma makaniken yace in gode wa Allah, sababbin injinan gas na yanzu man ne da kansa yake zama maiƙo ga famfo da nozul, in ana barinsu suna jan iska suna iya lalacewa, kuɗinsu kuwa ba'a magana.

Bayan wannan ne wani abokin kasuwa ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran wayar mota, kuma yadda yayi aikin ne yasa nace lallai sai na rubuto. Bai taɓa tanki ba da farko. Ya fara duba fis, ya kunna ki ya ga sauran alluran suna aiki, ya shiga ƙarƙashi ya cire soket ɗin ya taɓa wayar da jikin bodi na ɗan lokaci kaɗan yace wa yaronsa ya kalli allura, ta tashi ta tafi har ƙarshe, yace toh dashbod da waya lafiyarsu lau matsalar tana ciki. Ya kankare wurin da aka ɗaure wayar nagatif a jikin shasi domin yace sau da yawa tsatsar wurin kaɗai ce take sa geji ƙarya, mutane su je su sauke tanki a banza. Sai a ƙarshe ya sa aka sauke, domin akori-kura ba kamar ƙaramar mota bace da ake ɗaga kujerar baya a samu murfi, ita yawanci sai an sauke tankin ko an ɗaga bodin baya, shi yasa makanikai suke ƙyuyar aikin su ce maka ka bar shi haka. Da ya ciro fulot ɗin mai araha ya ɗora shi kusa da tsohon nawa sai ga shi sandarsa tafi tsawo, na wata motar ce daban mai tanki mai zurfi, fulot ya riga ya zauna a gindin tanki alhali harshen bai kai ƙarshen allo ba, saboda haka ko tanki ya bushe ƙayau ba zai taɓa sauka ƙasa da kwata ba. Ya kuma nuna min inda dutse ya taɓa bugar gindin tankin ya lotsa shi ciki, yace wannan ma kaɗai yana iya jawo haka.

Ya ɗauko 'yar mitarsa ya jona a jikin na asalin da na koma na sayo, yana ɗaga sandar a hankali lambobi suna sauka ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, yace haka mai lafiya yake yi, ya jona tsohon nawa da ya zo tsakiya sai lambobi suka haukace. Yace kowane kamfani da ma'auninsa, tsofaffin Toyota misali kusan om 3, wato ma'aunin da mitar take karantawa, suke bayarwa in tanki ya cika su kai wajen 110 in babu, tsofaffin motocin GM na Amurka kuwa akasin haka ne, 0 in babu 90 in ya cika, toh in ka ɗauki na wannan ka sa wa wancan don kawai noti ya ɗauru me kake tsammani. Sababbin motoci masu kwamfuta kuma in aka jona musu na'ura ita da kanta take faɗa, lambobin P0460 zuwa P0464 duk na ma'aunin mai ne, amma da yawanmu in fitilar gargaɗin injin ta kunnu a dashbod sai dai a cire kan batir ta ɗauke a ci gaba da tafiya. Ya ƙara min da cewa irin waɗannan sababbin kwamfuta tana jinkirta allurar da gangan don kar ta dinga rawa, in ka sha mai injin a kunne tana iya daɗewa ba ta tashi ba, ka je kayi ta rigima da yaron gidan mai kace bai zuba ba.

Akwai kuma laifin man da muke sha, wannan ba zan ɓoye ba. Farar wuta dake cikin mai tana cin ƙarfen dake jikin allon nan tana sa shi baƙi. Ɗana dake karatun fannin motoci ya nuna min a waya cewa a 2004 a Amurka, jihohin Fulorida da Luwiziyana, sai da aka dakatar da sayar da fetur a ɗaruruwan gidajen mai saboda farar wuta tayi yawa ta lalata gejin motocin mutane, kuma kamfanin ne ya biya kuɗin gyara. Mu a nan shekara da shekaru doka ta yarda da gas mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan alhali a Turai 10 ne iyaka, sai a ƙarshen 2016 Najeriya da wasu ƙasashen yammacin Afirka suka amince a rage zuwa 50. Kuma ba wanda ya manta watan Fabrairun 2022 da aka shigo da gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol, motoci suka lalace aka shiga layi na makonni. Ina kira ga hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar mai da ta dinga zuwa gidajen man dake ƙananan garuruwa irin namu tana ɗibar samfur tana auna litarsu, ba manyan birane kaɗai ba, domin wanda gejinsa ya mutu ko an rage masa lita ba yadda za'a yi ya sani.

Masu akori-kura mai shan fetur su ma kar su ce ba ruwansu, nasu famfon man yana cikin tankin ne kuma man ne yake sanyaya shi, yawan tafiya da tanki a bushe yana ƙona shi ya kuma sa ya kwashi dattin ƙasa. Sau da yawa famfon da fulot a haɗe suke, sai ace maka sai ka sayi duka alhali fulot ɗin kaɗai ne ya lalace, ka tambaya tukuna ko ana samunsa shi kaɗai. Kuma dan girman Allah makanikai ku dinga cire kan batir kafin ku buɗe tanki, ku kori mai sigari da mai walda daga wurin, tankin da ba komai a ciki sai tururi yafi cikakke haɗari.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da na direbobi ta NURTW a Gombe da Bauchi su ɗauki maganar nan da muhimmanci. 'Yar mitar da dattijon nan yayi aiki da ita ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, koya wa yaro yadda ake amfani da ita ba zai ci sati ba, muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha a nan Gombe, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Bajoga, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, garin da aka taɓa haɗa manyan motoci da taraktoci a kamfanin Steyr, me zai hana a haɗa kai a dinga shirya wa yaran gareji bita ta 'yan kwanaki da Hausa akan wutar mota. Su kuma direbobi kowa ya koyi fitar da iska daga motarsa tun kafin ranar ta zo, sannan in ka ga allura ta fara wasa ka faɗa wa maigidanka tun wuri a gaban shaida, kar kayi shiru har ya fara lissafi a bayan idonka.

Amma waɗanda nafi so su ji ni su ne iyayen gida irina, da shugabannin ofisoshi da ƙungiyoyi da asibitoci masu akori-kura da yawa a hannun direbobi, inda ake yanke wa mutum albashi ko a kore shi saboda mai bai yi daidai da takarda ba. Ban ce babu direbobi masu satar mai ba, akwai su kowa ya sani. Abin da nake cewa kafin ka buɗe baki ka kira mutum ɓarawo ka gwada motar tukuna, kuma gwajin ba shi da wuya, ka daure sau ɗaya ka cika tanki har baki a gabanka, ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, a yi aiki kwana biyu ko uku, ka koma gidan man nan dai ka sake cikawa, litar da ta sha ita ce ainihin abin da aka ƙona, ka gwada da kilomitar da aka yi da kuma abin da allura take faɗa. Ni yanzu haka nake yi duk wata da ɗan littafi a cikin motar, kuma direban ne yake rubutawa da hannunsa ni ma in sa hannu.

Ranar da dattijon nan ya gama aikin na karɓi tsohon fulot ɗin na naɗe a leda na wuce Pantami kai tsaye. Na zauna a ƙasa a gaban Yaya na buɗe na nuna mata wurin da ya goge, nayi mata bayani duk da nasan ba bayanin ƙarfe take buƙata ba, nace Yaya na zalunci yaron nan ki yafe min. Tayi shiru ta daɗe sannan tace ni dama nasan abin da na haifa, kai ma da ka tsaya ka tuna wanda ka rena da baka yi ba, amma je ka same shi, shi ka ɓata wa. Sati na zagayowa na hau mota zuwa Jalingo na same shi a tashar da suke lodi. Ya tarbe ni da ladabi kamar kullum, ya karɓi jakata, ya saya min abinci, da na gama magana yace Kawu ba komai wallahi na yafe tun ranar. Nace toh ka dawo ga motarka. Ya sunkuyar da kai yace in yi haƙuri, mutumin da yake wa aiki ya riƙe shi da amana ba zai bar shi haka kawai ba, kuma har yanzu in ya tuna akwai mutanen majalisa da suka ji zancen baya jin zai iya shiga Tudun Hatsi ya haɗa ido dasu. Na dawo na je majalisar da fulot ɗin a hannuna na faɗa musu gaskiyar abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, wasu sun ji kunya wasu sun ce ai zato ne kowa yana yi. Nasan yaron da maigidan nasa suna karanta jaridar nan, shi yasa nake so a buga, ya gani a rubuce cewa bai ɗauki komai ba. Har yanzu yana Jalingo, ya ce in Allah ya kai mu babbar sallah zai zo gida.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Tudun Hatsi, Gombe.